Ku Tambayi Anti: Dogon Zanen Goyo, Daga Jego Zuwa Yaye

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata yawancinsu a kan abu ɗaya suka taru, wato dogon saƙaƙƙen zanen goyon nan mai mita huɗu ko biyar da ake naɗawa a jiki. Na haɗa masu kama da juna na amsa su tare.

TAMBAYA: Anti, ina ɗauke da cikin fari, wata bakwai. Na ga ana tallar dogayen zannuwan goyo a intanet, wani an rubuta lamba 4, wani 6, wani 7, wasu kuma an ce masu roba ne. Kaina ya ɗaure. Wanne zan saya da zai kai ni har yaye? Daga mai jiran sauka.

AMSA: 'Yata, Allah ya sauke ki lafiya. Ki sayi saƙaƙƙe, na auduga zalla, mai matsakaicin kauri, lamba 6 idan jikinki matsakaici ne. Guda ɗaya ya ishe ki. Ga dalilina.

Mai roba yadi ne irin na singileti, yana talewa duk inda aka ja shi. Yana da daɗi a makonnin farko, don ana iya ɗaura shi a jiki tukuna sannan a zura jaririn. Amma da yaro ya kai kilo 6 ko 7 za ki ga ya fara sauka ƙasa, kina ta tallabo shi da hannu, bayanki yana amsawa. Kuma ba a goyon baya da shi ko kaɗan, domin idan yaro ya banƙare, yadin zai biye masa ya zame. Saƙaƙƙe kuwa a masaƙa ake yin sa, zaren tsaye da na kwance suna sarƙe da juna. Ki ja shi a tsawo, ba ya talewa. Ki ja a faɗi, haka. Amma ki kama shi a karkace ki ja, za ki ji ya ɗan bayar. Wannan 'yar bayarwar ce ke sa ya kwanta a bayan jariri ya bi surar kafaɗarki, bai yanke ki ba, bai kuma saki ba. Zanen da zai riƙe ɗan kwana bakwai shi ne zai riƙe ɗan shekara biyu.

Irin waɗannan da kike gani a talla sun yaɗu ne daga Jamus. Wata mata mai suna Erika Hoffmann ta haifi tagwaye, ta koma goyo da irin zanen da matan Latin Amurka ke amfani da shi, sannan a 1972 ta kafa kamfanin Didymos. Daga baya masaƙu da yawa suka shigo, kuma kusan duka sun bi tsarin lamba ɗaya. Lamba 2 kusan mita 2.7 ne, lamba 3 mita 3.2, lamba 4 mita 3.7, lamba 5 mita 4.2, lamba 6 mita 4.6 zuwa 4.7, lamba 7 kuma mita 5.2. Kin ga tsakanin kowace lamba da ta gabanta kusan rabin mita ne. Faɗin yakan kama daga santimita 60 zuwa 70. Kamfanoni kan ɗan bambanta, saboda haka mitar za ki karanta, kada ki tsaya a lambar kawai. Kuma ki lura, tsawon zane da jikin mai goyo ake auna shi, ba da girman yaro ba. Siririyar mace lamba 5 za ta wadace ta, mai jiki sosai ko mai faɗin kafaɗa ta nemi 7. Idan kina tsakani, ki ɗauki mai tsawon. Jela, wato ƙarshen zanen, ta yi saura ba laifi, a sake zagayo da ita. Ta gaza kuwa, babu dabara.

Za ki kuma ga an rubuta nauyin yadin da giram a kowace murabba'in mita. Tsakanin 220 da 260 ya fi dacewa da mai koyo. Mai kauri sosai yana da wuyar ja da ƙullawa, kuma ɗan jariri yakan nutse a cikinsa. Mara kauri sosai yana cin kafaɗa idan ba a shimfiɗa shi da kyau ba. Akwai masu gaurayen lilin, da ulu, da siliki. Lilin yana da ƙarfi kuma ba ya riƙe zafi, amma sabonsa a sandare yake. Ulu da siliki wankinsu sai da lallaɓa, ga jariri kuma kullum cikin tumbuɗi. Ki bar su zuwa gaba.

Abu ɗaya da nake nace wa duk wadda na koya wa: ki zaɓi mai ratsi-ratsi, wanda bakinsa na sama da na ƙasa launinsu daban. Wanda nake koyarwa da shi gefe ɗaya shuɗi ne, ɗayan ja. Idan kika zagayo da zane ta baya, idonki ba ya ganin abin da ya faru a can. Launin ne zai gaya miki ko ya murɗe, shi ne kuma zai nuna miki wane gefe za ki ja idan wajen wuyan yaron ya yi sako-sako. Mai launi ɗaya ya fi kyau a hoto, na sani, amma mai ratsi ya fi koyar da hannu.

Kafin ki sauka, ki fara gwaji da 'yar tsana ko matashi a gaban madubi, ki koyi ɗauri ɗaya tak. Ki nemo alamar tsakiya da ake ɗinkawa a bakin zanen, ki ɗora ta a ƙirjinki. Ki kai jelolin biyu baya, ki gicciya su, ki ɗauko kowace ta saman kafaɗa su sauko gaba. Yanzu kina da aljihu a ƙirji. Nan yaro zai shiga, cikinsa a jikinki. Ki tura bakin zanen na ƙasa ƙarƙashin mazaunansa daga bayan gwiwa zuwa bayan gwiwa, na sama kuma ya tsaya daidai ƙeyarsa. Sai ki ɗame kowace jela kaɗan-kaɗan, ki fara da gefen sama, ki bi tsakiya, ki ƙare da gefen ƙasa, ɗaya hannun yana riƙe da yaron. Ki gicciya jelolin a ƙarƙashin mazaunansa, ki bi da su ta ƙarƙashin ƙafafunsa, ki ƙulle a bayanki ƙulli biyu. Wannan ɗaurin kaɗai zai kai ki wata shida ba ki nemi wani ba.

TAMBAYA: Anti, jaririna yana da mako uku. Da na sa shi a zane sai ya yi barci, ni kuma hankalina ya tashi, ina ta leƙa shi ko yana numfashi. Na ji an ce yara na mutuwa a cikin goyo. Gaskiya ne? Daga mai jego.

AMSA: Barka da arziki, Allah ya raya. Ki ci gaba da leƙawa, wannan tsoron naki yana da amfani. Ba zan ɓoye miki ba, abin ya taɓa faruwa. A watan Maris na 2010 hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi a Amurka ta fitar da gargaɗi, ta ce tana bincike a kan mutuwar jarirai 14 cikin shekara 20 da ke da alaƙa da majanyin rataye, kuma 12 daga cikinsu ba su kai wata huɗu ba. A wannan watan ne aka janye kusan miliyan ɗaya na wani samfuri mai siffar jaka daga kasuwa, irin wanda jariri ke kwanciya a ciki a naɗe, can ƙasa wajen cibiyar uwa.

Hanya biyu ce abin ke faruwa. Ta farko, yadi ko jikin uwa ya toshe hanci da baki, jaririn kuma ba shi da ƙarfin wuyan da zai kawar da kai. Cikin minti ɗaya ko biyu numfashi na iya ɗaukewa. Ta biyu ta fi ɓoyuwa: jariri ya dunƙule har haɓarsa ta kwanta a ƙirjinsa. Maƙogwaronsa siriri ne kuma mai laushi, lanƙwasar nan tana matse shi, iska ta riƙa raguwa a hankali. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba ya iya kuka a wannan hali. Uwa tana ganin barci ya yi daɗi.

Don haka a tsaye za ki goya shi, ƙirjinsa a ƙirjinki, ba a kwance ba. Ya hau sama sosai, yadda idan kika sunkuyar da kai leɓenki zai taɓa tsakar kansa. Idan sai kin lanƙwasa baya kafin ki kai gare shi, ya yi ƙasa, ki kwance ki sake. Fuskarsa ta kasance a buɗe, ki gan ta da kallo ɗaya ba sai kin yaye komai ba. Ba na yarda a ja zane ko mayafi a rufe kan jariri don rana ko don barci, ko na minti ɗaya ne. Tsakanin haɓarsa da ƙirjinsa yatsanki ɗaya aƙalla ya shiga.

Sai maganar ɗamewa, wadda a nan ne masu jego suka fi tausayi, tausayin kuma ya zama matsala. Suna tsoron kada su matse yaro, sai su bar zanen sako-sako. To, zane sako-sako shi ke barin jariri ya zame ya dunƙule. Ki ɗame shi yadda zai ji kamar hannuwanki ne ke rungume da shi. Ga gwaji mai sauƙi: ki dafa bayansa da tafin hannu ki danna a hankali. Idan ya matso kusa da ke, ko kika ji ya miƙe daga dunƙulewa, akwai sauran ja. Sannan ki tallabe kansa ki ɗan sunkuya gaba. Idan jikinsa ya rabu da naki, a ƙara ɗamewa.

Idan kin shayar da shi a cikin zanen, kada ki bar shi a ƙasa bayan ya saki nono. Ki mayar da shi sama ki sake ja. Jariri mai mura, ko wanda aka haifa ƙarami, ki ninka masa lura. Numfashi mai gurnani, ko leɓe ya canza launi, ko jiki ya saki fiye da na barci, ki fito da shi nan take, idan bai dawo daidai ba ki garzaya asibiti. Kuma ki lissafa zanen a cikin tufafinsa. Ninki uku na yadi da ɗumin jikinki sun isa su sa shi zufa. Ki riƙa taɓa ƙeyarsa, idan ta jiƙe a rage masa kaya.

Ba a kwanciya barci da yaro a zane, ba a tsayawa da shi a gaban wuta ko tafasasshen ruwa, ba a shan abu mai zafi a saman kansa. A mota kuma zane ba ya maye gurbin kujerar yara.

TAMBAYA: Anti, ni magidanci ne. Ɗiyarmu tana da mako shida, kullum da yamma sai ta yi ta kuka, mai ɗakina ta gaji. Zan iya amfani da zanen nata? Wasu kuma sun ce yawan ɗauka zai sangarta ta.

AMSA: Malam, Allah ya saka maka da alheri. Za ka iya, muddin tsawon ya ishe ka ƙulli biyu da saura. Idan bai kai baya ba, ka ƙulle a ƙarƙashin mazaunanta.

Kukan yamma a wannan lokaci sananne ne, yakan kai ƙololuwa wajen mako shida, sannan ya lafa zuwa wata uku ko huɗu. A 1986 wasu likitoci biyu a Montreal ta Kanada, Hunziker da Barr, sun buga sakamakon gwajin da suka yi da iyaye mata 99. Jariran da aka ƙara wa lokacin ɗauka a kullum, kukansu ya ragu da kashi 43 cikin 100 a mako na shida, na yamma kuma da kashi 51. Ba kowane yaro ne goyo ke yi wa haka ba, amma gwadawa ba ta cin komai. Ɗiyar mako shida ba ta san dabarar sangarta ba, ɗumi da motsi da bugun zuciya take nema. Ka ɗaura ta kafin kukan ya kankama, ka yi ta takawa. Idan kukan ya zo da zazzaɓi, ko amai, ko ƙin nono, wannan na likita ne.

TAMBAYA: Anti, kakar yarona ta ce idan na ci gaba da buɗe masa ƙafafu a zane za su lanƙwashe. Ta ce in miƙar da su in haɗe. Ya zan yi? Daga uwar ɗan wata uku.

AMSA: Ki gaishe mini da Kaka, ƙaunar jikanta ce ta sa ta magana. Amma a wannan kam ki bar ƙafafun a buɗe. Gaɓar kwatangwalon jariri ba ta gama ƙwari ba, yawancinta guringuntsi ne, kuma kan ƙashin cinya ya fi zama daram a cikin gurbinsa idan cinyoyi suna buɗe, gwiwoyi sun ɗara mazaunai tsawo. Idan kika kalle shi ta baya, ƙafafun da mazaunan su ba da siffar harafin M. Wannan zaman ne cibiyar ƙasa da ƙasa mai kula da matsalar gocewar kwatangwalon yara take ba da shawara a kai. Miƙar da ƙafafu a haɗe a ɗaure shi ke jawo gocewa. A Japan an daɗe ana naɗe jarirai haka, kuma bayan gangamin da aka fara a faɗin ƙasar a 1975 na a daina, yawan yaran da ke samun matsalar ya faɗi warwas.

Kada ki tilasta buɗewar dai. Ɗan wata uku iya yadda ya buɗe da kansa idan kin ɗauke shi, nan za ki tsaya. Zanen ya tallafe cinya har bayan gwiwa, daga gwiwa zuwa ƙasa kuma ƙafa ta yi lilo.

Lanƙwasar da Kaka ke gani kusan kowane jariri da ita ake haihuwarsa saboda zaman ciki, kuma takan miƙe da kanta wajen shekara biyu. Wadda ta wuce nan, ko take ƙaruwa, ko ta kama ƙafa ɗaya kawai, a kai likita ya duba, don ƙarancin bitamin D ko sinadarin kalsiyam na iya jawo ta.

TAMBAYA: Na sayi sabo ya zo da tauri kamar tamfol, kuma zobena ya jawo zare ɗaya ya fito. An cuce ni ne?

AMSA: A'a. Yawancinsu haka suke fitowa daga masaƙa. Ki wanke shi kafin ki fara amfani, wankin farko ne ke sa zaren ya zauna, kuma zai ɗan rage tsawo, masaƙa sun san da haka sun bar masa rara. Sabulun ruwa ya fi na gari, kuma kada ki zuba sinadarin laushin kaya, yana sa zane santsi ƙulli ya riƙa zamewa. Ki shanya a inuwa, ki goge da tururi idan auduga ne ko lilin. Sannan ki kitse shi ki warware, ki zauna a kansa, ki yi ta goyo da shi. Amfani ne ke kawo laushi. Zaren da ya fito bai tsinke ba, kada ki yanke shi. Ki sa allura mara tsini ki riƙa mayar da rarar kaɗan-kaɗan a kan layinsa har ta ɓace. Idan zare da yawa suka tsinke wuri guda, ko kika ga huda, ki daina goyo da shi. Ki riƙa cire zobe da awarwaro kafin ki ɗaura.

TAMBAYA: Anti, ɗana ya kusa shekara biyu, kilo 13. Yana tafiya amma idan mun fita yakan gaji ya ce a ɗauke shi. Goyon gaba yanzu kafaɗuna da ƙuguna ciwo suke. In haƙura da zanen? Daga maman ɗan tatata.

AMSA: Ƙanwata, zanen bai gaza ba, wurin zaman ne ya kamata ya canza. Yaro mai wannan nauyi a gaba yana janyo ki ki banƙare, yana kuma tare miki ganin inda kike taka ƙafa. Ki mayar da shi baya, kuma sama, yadda zai iya leƙowa ta kafaɗarki. Nauyin da ya zauna sama kuma manne da jiki ya fi sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba.

Mafi sauri shi ne ɗaurin da ke kama da jakar baya. Tsakiyar zane a bayan yaro, jelolin su hau kafaɗunki, bakin ƙasa ki tura shi sosai tsakaninki da shi ya zama mazauni daga gwiwa zuwa gwiwa. Sai jelolin su bi ta hammata su koma baya, kowace ta hau kan ƙafa ɗaya ta bi ƙarƙashin ɗayar, ki ƙulle a gaba. Lamba 3 ko 4 ta isa wannan, kuma gajeren zane ya dace da ɗan da yanzu zai ce sama, an jima ya ce ƙasa. Amma ninki ɗaya ne, duk nauyin a kafaɗa yake. Don doguwar tafiya ki koyi ɗauri mai ninki biyu, wanda jela ɗaya ke ratsa ƙirjinki a shimfiɗe kafin ta sake rufe bayan yaron. Ƙirji da gadon baya sai su raba nauyin da kafaɗu. Wannan yana son lamba 6 ga mai matsakaicin jiki. Yana da wuyar koyo, ba shakka, amma a ganina babu ɗaurin da ya kai shi daɗi ga yaro mai nauyi.

Ciwon kafaɗa sau da yawa daga murɗewar zane yake. Idan ya tattare ya zama igiya zai ci nama, idan ya hau gefen wuya zai sa ciwon kai. Ki shimfiɗa shi ya rufe ƙwallon kafaɗa. Ki fara koyon goyon baya a kan gado ko kina durƙushe a wuri mai laushi, da wani babba a tsaye kusa, lokacin da yaron ya ƙoshi kuma ba ya jin barci. Yara masu wannan shekaru gwanaye ne wajen miƙe ƙafa su fitar da mazaunin, don haka ki riƙa kai hannu kina taɓawa. Su kan kai hannu ga duk abin da kika wuce, ki ba ƙofa da kanta tazara.

Ga masu ƙananan jarirai da ke karanta wannan: idan hannunku bai saba ba, ku jira sai wuyan yaro ya yi ƙwari yana iya zama, wajen wata shida, kafin ku koma baya.

TAMBAYA: Anti, tiyata aka yi mini, kuma ɗiyata bakwaini ce, an sallamo mu tana kilo 2. Zan iya sa ta a dogon zane?

AMSA: Sannu 'yata, Allah ya ƙara lafiya, ya raya ta. Riƙe bakwaini a ƙirji fata da fata magani ne sananne. Likitoci a Bogota ta ƙasar Kolombiya suka fara shi a 1978 lokacin da kwalaben ɗumama jarirai suka yi musu ƙaranci, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara shi tun daga haihuwa ga bakwaini da masu ƙarancin nauyi. Yana riƙe musu ɗumi, yana taimaka wa shayarwa, yana rage mutuwa. Amma wannan da goyon zirga-zirga ba ɗaya ba ne. Ɗiya mai kilo 2 tana cikin waɗanda numfashinsu ya fi saurin toshewa. Ki koma wurin ma'aikatan jinyar da suka kula da ita, ki tafi da zanen, su nuna miki yadda za ki ɗaura ta da hannunsu, su kuma gaya miki lokacin da za ki fara yawo da ita. Kafin nan ki yi shi a zaune ko a kishingiɗe, idonki biyu, fuskarta a gefe kina gani. Game da ɗinkinki, ki jira izinin likitanki, kuma idan kin fara ki ɗaura sama da cibiya yadda babu jela ko ƙullin da zai bi ta kan wurin. Kika ji ciwo ko jinin ya ƙaru, ki kwance ki ba mahaifinta ya ɗora ta a nasa ƙirjin, fata da fatan nasa ma yana yi mata aiki.